Sarkin Tonawa Osei Bonsu: Mayaƙin da ya fi son a fara aika manzo

A wannan makon filin namu na tarihin magabata bai yi nisa da gida ba, domin a nan Kumasi za mu tsaya mu waiwayi rayuwar Asantehene Osei Tutu Kwame, wanda aka fi sani da Osei Bonsu, sarkin da ya riƙe ƙasar Tonawa daga farkon shekarun 1800 har zuwa wajen 1824. Yaranmu na Zongo da ke makarantar boko sun san sunansa, amma galibi abin da ake koya musu shi ne yaƙe-yaƙensa da kuma yadda dakarun Asante suka sare kan Gwamnan Ingila. Ba a cika gaya musu yadda ya tsara hulɗarsa da ƙasashen waje ba, balle a gaya musu cewa malaman Musulmi suna zaune kusa da fadarsa suna rubuta masa wasiƙu sama da shekara 80 kafin a kafa Zongon da muke ciki a yau.

An haife shi wajen shekarar 1779. Mahaifiyarsa ita ce Asantehemaa Konadu Yaadom, mace mai ƙarfin faɗa a ji wadda da hannunta a cikin tuɓe Sarki Osei Kwame. Daga cikin laifuffukan da manyan Kumasi suka ɗora wa Osei Kwame har da cewa ya tare a Juaben ya ƙi dawowa fada, da kuma cewa zuciyarsa ta karkata ga Musulunci, abin da suke ganin zai rushe al'adun da sarautar ta ginu a kansu. Bayan an tuɓe shi aka naɗa Opoku Fofie, wanda bai wuce 'yan watanni a kan kujera ba ya rasu, sai sarauta ta faɗo kan ƙanensa Osei Tutu Kwame, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ke nan ya hau mulki ne da goyon bayan waɗanda ke ƙyamar tasirin Musulmi, kuma a shekarunsa na farko bai raga musu ba, musamman da yake wasu ƙasashen arewa sun yi bore don nuna goyon baya ga sarkin da aka tuɓe. Daga baya ne ya sauya, da ya fahimci cewa ba zai iya riƙe Gwanja da Dagomba, ko ya san abin da ake ciki a ƙetaren kogin Volta ba, sai da masu alƙalami.

Ƙasar da ya gada tana da ƙofa biyu. Ta kudu akwai Turawan Ingila a Cape Coast da Anomabu, Turawan Holan a Elmina, na Denmak kuma a Osu ta Ankara, kowa da ganuwarsa a bakin teku, kuma daga wajensu ake samun bindiga da albarushi. Ta arewa akwai kasuwar Salaga, inda ayarin fatake daga Kano da Katsina ke sauke kaya su ɗauki goro. Manyan hanyoyi takwas ne suka fita daga Kumasi, huɗu kudu huɗu arewa, kuma akwai dogaran hanya masu tsaro da karɓar kuɗin fito. Wadda ke zuwa Salaga ita ce ta bi ta Mampong da Atebubu da Yeji, wato dai hanyar nan ta Tafo da ke gefen Magazin, wadda muke bi kullum ba tare da mun tuna ko su wa suka fara taka ta ba.

Aikin jakadanci kuwa ba a bar shi kara zube ba. A sama akwai akyeame, masu magana da yawun sarki, waɗanda su ne ke tsara abin da za a faɗa wa baƙo da abin da za a ɓoye masa. Ƙarƙashinsu akwai afenasoafo, masu ɗaukar takobi mai ƙotar zinariya, wanda shi ne shaidar cewa saƙon daga fada ya fito, sai kuma nseniefo, masu shela. Manzo yakan yi rantsuwa kafin ya tashi cewa ba zai ƙara ba kuma ba zai rage ba, taɓa lafiyarsa kuma daidai yake da taɓa sarki. Tun zamanin Osei Kwadwo aka fara ajiye wakilai na dindindin a Ankara, Osei Bonsu ya faɗaɗa abin zuwa sauran garuruwan bakin teku. Kuma bai tsaya ga 'ya'yan sarauta kaɗai ba wajen zaɓen mutanensa. Misali shi ne Agyei, wanda da ƙuruciyarsa ɗan dakon gishiri ne daga Akwamu. Sarki ya ji yadda ya tsaya gaban fada ya kare maigidansa da hujja ba tare da tsoro ba, sai ya karɓe shi, ya riƙa haɗa shi da manyan jakadu yana koyon aiki, har ya zama mutumin da ake turawa duk inda magana ta cije.

Jarrabawarsa ta farko ta zo ne daga wata rigima da ba ta taka kara ta karya ba. An tone wani kabari a ƙasar Assin aka sace zinariya, shari'a ta zo Kumasi, sarakuna biyu da hukunci ya hau kansu, Kwadwo Otibu da Kwaku Aputae, suka ƙi bi, suka gudu ƙasar Fante. Sarki ya aika manzanni a ba shi su, ya sake aikawa, daga ƙarshe aka kashe manzannin. Sai a lokacin ya ɗaura yaƙi. Ya murƙushe rundunar Fante a Abora, a watan Yunin 1807 kuma dakarunsa suka auka wa Anomabu, inda aka yi mummunar ɓarna, dubban mutanen gari suka hallaka a bakin ruwa. Gwamnan Ingila Kanar George Torrane ya ga ba sarki sai Allah, ya miƙa Otibu, tsoho makaho da ya nemi mafaka a hannunsa, aka kashe shi. A wannan tafiya ce sarki ya tsoma takobinsa a teku, aka yi masa laƙabi da Bonsu, sunan kifin nan da ya fi kowace dabba girma a cikin ruwa.

Akwai wani abu a labarin Anomabu da ya kamata Bahaushe ya sani. Turawan da suka shiga sansanin sarki don sulhu sun rubuta cewa sun tarar da wani dogon mutum Musulmi, mutumin Katsina, wanda ya ce ya je Tunis ya kuma je Makka, yana jagorantar wata ƙungiyar mayaƙa masu kwari da baka da bindiga. Wannan fa a 1807 ne, shekara uku kacal da fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

A wannan shekarar ce kuma Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin bayi, kuma a nan dole mu faɗi gaskiya ko da ba daɗi. Osei Bonsu bai yi murna da haramcin ba. Ya sha neman Turawa su dawo da cinikin, domin fursunonin yaƙi da bayin da Gwanja da Dagomba ke biya a matsayin gandu sun yi masa yawa a hannu, kuma da su yake sayen makamai. Waɗannan bayi akasarinsu mutanen arewa ne, kakannin wasu daga cikin maƙwabtanmu a Zongo da abokan aikinmu a Magazin. Iya tsara mulkinsa bai wanke shi daga wannan ba. Abin da za a ce kawai shi ne, da ya ga ƙofar teku tana rufewa bai zauna jiran tsammani ba, ya mai da hankali ga goro. Aka kuma yi dace, daular Sakkwato da ta kafu ta hana giya, goro ya zama abin baƙunta da biki da suna, kasuwarsa ta buɗe, Salaga ta cika ta batse da fatake.

Shugaban Musulmin Kumasi a lokacin shi ne Muhammad al-Ghamba, wanda kowa ke kira Baba, mutumin Gambaga ta ƙasar Mamprusi, yana da makarantar allo mai almajirai kimanin 70. Akwai Muhammad Kamagate daga Gwanja, akwai kuma baƙi masu zuwa su koma irin su Sharif Ibrahim, wanda daga bakinsa Turawa suka ji ƙarin bayanin yadda Mungo Park ya hallaka a Busa. Kada mu yi wa tarihi ƙari: yawancin mazaunan Wangarawa ne da mutanen Gwanja da Dagomba da Mamprusi, Hausawa sun fi yawa a cikin masu zuwa fatauci. Aikinsu a fada iri uku ne. Suna rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci zuwa sarakunan arewa su kuma karanta masa amsa, suna ba shi labarin ƙasashe masu nisa da hanyoyinsu, sannan suna yi masa addu'a da layu, irin waɗanda har yau muke gani a jikin batakarikese, babbar rigar yaƙin da Asantehene ke sawa a manyan bukukuwa. Sarki bai musulunta ba, ya ga abin da ya sami Osei Kwame. Su ma malaman sun san iyakarsu. Zama ne na kowa ya san amfanin ɗan'uwansa.

Daga 1816 Kumasi ta zama wurin da Turawa ke rige-rigen zuwa. Gwamnan Holan a Elmina, Janar Daendels, shi ya fara turo Willem Huydecoper, wanda ya yi kusan shekara guda a garin. Da Ingilishi suka ji haka sai hankalinsu ya tashi, suka turo tasu tawagar, ta iso ranar 19 ga Mayu, 1817. Sarki ya tarbe su da taron da ya ruɗa su, dubban mayaƙa da laima-laima da zinariya ko'ina, kuma wannan ma cikin siyasa yake, baƙo ya fara ganin ƙarfinka kafin a zauna. Da aka zauna sai ya tayar da maganar takardun haya, wato kuɗin ƙasa da Turawa ke biya duk wata saboda ganuwoyinsu. Tunda ya ci Fante da yaƙi, a ganinsa kuɗin Cape Coast da Anomabu nasa ne, amma ɗan abin da ake aiko masa bai kai ya kawo ba. Shugaban tawagar, Frederick James, ya rasa amsa, sai wani saurayi a cikinsu, Thomas Bowdich, ɗan'uwan Gwamna John Hope Smith, ya karɓe magana. Ranar 7 ga Satumba aka sa hannu a yarjejeniya: za a zauna lafiya, za a buɗe hanyoyin ciniki, Ingila za ta ajiye wakili a Kumasi, kuma idan mutanen da ke zaune ƙarƙashin ganuwar Turawa suka yi wa Asante laifi, sarki zai kai ƙara wajen Gwamna maimakon ya tura dakaru.

Sarki ya ɗauki wannan takarda da muhimmancin gaske, kuma ba a jima ba aka gwada ta. A 1818 ya fita yaƙi da Sarkin Gyaman Kwadwo Adinkra, wanda ya ƙera wa kansa kujerar zinariya, yaƙin da ya sa malaman Kumasi cikin tsaka mai wuya domin akwai Musulmi a ɓangarorin biyu. Yana can sai jita-jita ta bazu a bakin teku cewa an ci Asante. Mutanen Komenda suka wulaƙanta manzanninsa, na Cape Coast suka goya musu baya. Da ya dawo da nasara, duk manyan mayaƙansa sun ƙagu a nufi kudu, amma ya ce a bi abin da aka rubuta. Ya kai ƙara wajen Hope Smith, Gwamna ya yi kunnen uwar shegu. Ya sa aka ɗauki takardar yarjejeniyar kanta a cikin akwati aka kai Cape Coast, a karanta a gaban kowa, in Gwamna ba zai cika ba to ya karɓi abarsa. Sannan ya sa tarar oza 1,600 ta zinariya a kan mutanen garin, da wata kamarta a kan Gwamna.

Ana cikin haka Joseph Dupuis ya iso, ƙaramin jakadan da gwamnatin Landan da kanta ta naɗa, ba kamfanin 'yan kasuwa ba. Ya zauna a Maroko kuma yana jin Larabci, don haka da ya shigo Kumasi a ƙarshen Fabrairun 1820 ya saba da su Baba, suka riƙa hira ba tafinta, har suka rubuta masa zango-zango na hanyoyin da ke zuwa Salaga da Katsina da Barno har Makka. Shi ne ya gano abin kunyar da ya faru a 1817: da ya gwada takardar da ke hannun sarki da wadda aka kai Cape Coast sai ya tarar ba su zo ɗaya ba. Ashe kowane ɓangare da abin da yake riƙe da shi. Mu da muke zaune da masu gyaran mota mun san irin wannan, a yi ciniki da baki, a rubuta wani abu dabam a rasit, ranar rigima kowa ya rantse kuma kowa yana da gaskiyarsa.

Duk da haka sarki bai fasa ba. Ya zauna da Dupuis suka ƙulla sabuwar yarjejeniya ranar 23 ga Maris, 1820, ya janye tarar da ya sa wa Gwamna, ita kuma Ingila ta amince da ikonsa a kan ƙasar Fante. Ya kuma yi wani tunani da ya wuce zamaninsa. Ya lura cewa 'yan kasuwar Cape Coast ne ke tsakaninsa da Sarkin Ingila, kuma su ke murɗa magana, saboda haka ya naɗa jakadu da kyaututtuka su bi Dupuis har Landan su gana da gwamnati baki da baki. Hope Smith ya ƙi amincewa da yarjejeniyar, shugaban jiragen ruwan yaƙin Ingila a yankin, Sir George Collier, ya ƙi ɗaukar jakadun. Suka juyo gida da kayansu. A ganinmu a nan ne aka yi asarar da ta fi kowace girma a tarihin hulɗar Asante da Ingila, domin sarki ya yi watanni yana hana mayaƙansa motsi yana jiran amsar da ba ta taɓa zuwa ba, masu son yaƙi a fada kuma suka samu abin faɗa.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A 1821 aka rushe kamfanin, aka mai da ganuwoyin ƙarƙashin Gwamnan Saliyo Sir Charles MacCarthy, wanda bai ko aika gaisuwa Kumasi ba, ya shiga haɗa kan Fante da sauran ƙabilun kudu. Wani saje na sojan Ingila a Anomabu ya zagi sarki, aka kama shi aka kashe a farkon 1823, wuta ta kama. Ranar 21 ga Janairu, 1824 aka gwabza a Nsamankow, MacCarthy ya rasa ransa. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne Osei Bonsu ya rasu a Kumasi a wannan rana, ko da yake masanin tarihi Ivor Wilks ya sa rasuwar a ƙarshen 1823. Ya bar gidan dutsen nan da ake kira Aban, wanda magina daga Elmina suka gama masa a 1822, inda yake ajiye littattafai da kyaututtukan ƙasashen waje. Sojojin Wolseley suka tarwatsa shi a 1874.

Magajinsa Osei Yaw Akoto ba shi da haƙurinsa, ya kai runduna har filin Katamanso kusa da Dodowa, aka yi masa mummunan kaye a watan Agustan 1826. Sai da aka koma ga hanyar marigayin kafin a samu lafiya: a 1831 wata gimbiya, Akyaawa Yikwan, ta jagoranci tawagar da ta sasanta da George Maclean, aka ba da 'ya'yan sarauta biyu jingina, ɗaya daga cikinsu Owusu Ansa, ɗan Osei Bonsu na cikinsa, wanda ya yi karatu a Ingila ya dawo ya zama mai shiga tsakani. Ɗan wannan kuma, John Owusu Ansa, shi ya kai tawagar Asante Landan a 1895, shekara 75 bayan yunƙurin kakansa. Sun isa, amma gwamnati ta ƙi ganinsu, a 1896 kuma aka kama Prempeh na Ɗaya.

Mun daɗe a kan wannan tarihi ne saboda ƙofofin nan biyu suna nan har gobe. Manyan motocin Barkina Faso da Mali da Nijar da ke ɗauko kaya daga Tema ta Kumasi suke bi, a Magazin ake yi wa da yawansu gyara, albasa da tumatir da shanu kuma ta wannan hanya suke gangarowa. A watan Janairun 2025 ƙasashen uku suka kammala ficewa daga ECOWAS, a cikin watan ne kuma Shugaba John Mahama ya naɗa Larry Gbevlo-Lartey manzo na musamman zuwa gare su, daga baya shi da kansa ya zagaya manyan biranensu a watan Maris. Mun ga hikimar hakan, sai dai muna tambaya: a cikin masu tsara manufofinmu na waje a Ankara, mutum nawa ne zai iya zama da direba ko dillalin shanu daga Maraɗi ko Wagadugu su yi magana ba tafinta? Zongo cike yake da masu jin Hausa da Mosanci da Zabarmanci da Faransanci da Larabci, masu dangi a kowane gefen iyaka, amma an fi tunawa da su lokacin zaɓe. Dattawanmu ba su manta da dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba da mako biyu, aka kwashi mutanen da a nan aka haife su. Fadar Manhyia dai ba ta yar da gadon ba, domin Otumfuo Osei Tutu na Biyu ne ya jagoranci kwamitin sarakuna uku, tare da Nayiri da Yagbonwura, da ya sasanta rikicin Dagbon wanda ya ɓarke a 2002, har aka naɗa Ya-Na Abukari na Biyu a Janairun 2019.

Wanda ke son ganin rubutun malaman fadar Osei Bonsu da idonsa sai ya yi tafiya mai nisa. Bayan yaƙin Katamanso wani ƙunshin takardun Larabci da aka tsinta a kayan rundunar Asante ya faɗa hannun Turawan Denmak, yana kuma ajiye a babban ɗakin karatu na masarautarsu a Kopanhegan, kimanin warƙa 900. Mafi yawansu addu'o'i ne da hatimai da fa'idoji, amma a ciki akwai wasiƙun da limaman Gwanja da na Mamprusi suka aiko wa 'yan'uwansu na Kumasi da shi sarkin kansa, suna gaishe shi, suna yi masa fatan nasara, suna kuma neman ya dubi bukatunsu. Masani Nehemia Levtzion ne ya fito da bayaninsu a shekarun 1960.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.